Yadda Ake Shirya Ƙaramar Mota Mai Ƙarfi Don Ranar Gudu a Filin Tsere

Duk wanda ya mallaki Golf GTI, Focus ST, Civic Type R ko Mini Cooper S a Abuja, da wuya ransa bai taɓa raya masa ya ga iyakar abin da motar za ta iya ba. Hanyar Filin Jirgi da babbar hanyar Kubwa ba wurin wannan gwaji ba ne. Akwai masu tsallaka titi, akwai manyan motoci, kuma kilomita 100 a awa ne iyakar gudun da doka ta yarda wa ƙaramar mota a babbar hanya. Wurin gwaji shi ne rufaffen fili, inda kowa ke tafiya fuska ɗaya, da masu tuta a bakin hanya, da motar asibiti a tsaye. Irin waɗannan wurare ba su da yawa a ƙasar nan. Akwai filin tsere na Evbuobanosa a Jihar Edo, sai kuma wuraren da ƙungiyoyin masu sha'awar mota kan rufe da izinin hukuma. Ƙungiyar masu motoci ta ATCN ce ke wakiltar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, a Najeriya.

Ranar gudu ba gasa ba ce. Babu kofi, babu na ɗaya. Ana sakin motoci rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi minti 15 zuwa 20 ya fito. Amma wannan minti 20 ya fi wa mota wahala fiye da tafiyar Abuja zuwa Kano, kuma dalilin guda ne: zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,400, in ta sauko daga gudun kilomita 160 zuwa 60, zafin da birkinta zai haɗiye a cikin daƙiƙa uku ko huɗu ya isa ya kai ruwa sama da lita 3 ga tafasa, kuma mafi yawansa a ƙafafun gaba yake sauka. A titi sau ɗaya za ka yi irin wannan taku, birkin ya huce. A fili za ka maimaita shi sau biyar ko shida a kowane zagaye, ga kuma ranar Maris da Afrilu ta Abuja da kan haura digiri 35. Saboda haka kuɗin farko na birki ne da taya da mai da ruwa. Ƙara wa injin ƙarfi shi ne abu na ƙarshe, kuma a shekarar farko ma ba a bukatarsa.

Lafiyar motar tukuna

Mako biyu kafin ranar, ba jajibirinta ba, ka kai motar wurin makanikenka a Apo ko inda ka saba, a ɗaga ta sama. Yawancin motocin nan tokumbo ne, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su zo su sha ramukan namu, kuma malejin da ke dashbod ba lallai ya zama gaskiya ba. A kama kowace taya sama da ƙasa a girgiza, sannan hagu da dama. In akwai motsi, to boris ne, ko boljoyin, ko tayarod. A duba bushin na hannuwan ƙasa ko sun tsage, a duba shokozoba ko tana jiƙe da mai, a duba robar shaf. Robar shaf da ta yage tana watsa giris a cikin wili, kuma giris in ya sauka a faifan birki ya lalata fad. Injin sit da ya mutu yana sa injin ya yi tsalle duk lokacin da aka saki totur aka sake takawa, har ya iya fasa tiyo. A juya kowane rim a kan injin balansin a gani ko ya lanƙwashe, a leƙa cikinsa ko an taɓa yi masa walda. Rim ɗin da aka yi wa walda ba ya shiga fili.

Duk wani yoyo, na mai ko na ruwa, a gyara shi. Ɗigon da kake haƙuri da shi a gari, a fili zai iya sauka a kan salansa mai zafi, ko ya zuba a kwalta ya kayar da wanda ke bayanka.

Kowace mota tana da ciwonta da aka san ta da shi, ka tambayi na taka. A dangin GTI misali, ƙira ta biyar, wadda ta fito a 2004, galibi tana amfani da taimin bel, kuma akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙarƙashin famfon fetur mai matsi da kan cinye, a ciro shi a duba. Ta shida taimin cen gare ta, kuma abin da ke ɗaure sarƙar a na farko-farko ya yi ƙaurin suna wajen saki. Ta bakwai kuma gidan famfon ruwa da tamostat na roba ne, yana yawan tsiyaya. In giyarka DSG ce, wato otomatik mai kuloci biyu, mai hawa shida, ana canja manta da matatarta duk kilomita 60,000. Wanda bai san ranar da aka canja na motarsa ba, ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba.

Birki

Man birki yana shan danshi daga iska, ko da ba a taɓa buɗe murfinsa ba, kuma daminar Abuja doguwa ce. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230. In ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'auninsa yana saukowa zuwa 155. DOT 3 ya fi haka rauni: 205 yana sabo, 140 in ya jiƙa. Idan mai ya tafasa a cikin kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, sai ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi. Direba ya zo ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ya taka, sai ya ji fedar ta yi laushi kamar ya taka soso, ta nutse har ƙasa, motar kuma ba ta rage komai ba. Sau da yawa alamar tana zuwa zagaye ɗaya ko biyu kafin nan, fedar ta riƙa yin nisa kaɗan-kaɗan. Wanda ya ji haka ya rage gudu ya fita a zagayen.

Maganin yana da arha. A zubar da tsohon man gaba ɗaya, a sa sabo mai jure zafi, cikin wata guda kafin ranar. ATE Typ 200 yana kai wa digiri 280, Motul RBF 600 yana haura 300. Lita ɗaya ta isa a wanke layin duka. A sayi gwangwani a rufe, kada a karɓi wanda aka buɗe aka ajiye. A kula da wani tarko na suna: DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, amma DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su, kuma bai dace da mota mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ba. Wajen fitar da iska, a bi jerin ƙafafun da littafin motar ya nuna, domin ba kowace mota ake fara wa daga baya ba, kuma kada a bar tankin man ya ƙafe a tsakiyar aiki, in ba haka ba iska ta shiga famfon ABS, sai da kwamfuta za a fitar da ita. Motar da kulocinta ke shan mai daga tanki ɗaya da birki, a fitar da na kulocin shi ma.

Fad kuma nasa ciwon daban ne, kuma ya kamata direba ya iya bambance su da ƙafarsa. In fad ne ya ƙone, fedar tana nan da taurinta, amma ko ka miƙe a kanta motar ba ta tsayawa, ga ƙauri mai hawa hanci. Abin da ya haɗa sinadarin fad ɗin ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka. Fad mai arha na kasuwa, wanda ba a san masana'antarsa ba, zai iya kai wa nan a zagaye uku, wani ma ya ɓantare daga ƙarfensa. A ƙafafun gaba a sa irin wanda aka yi don titi da fili, kamar Ferodo DS2500, EBC Yellowstuff ko Hawk HP Plus. Suna ƙura, wasu suna ƙara, a yi haƙuri da su. Fad na tsere zalla bai dace da motar da za a koma gida da ita ba, don ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, kuma yana cin faifai. A baya, fad na asali mai kyau ya wadatar.

Kaurin naman fad sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12. Kada a shiga fili da ƙasa da rabi. Siririn fad yana saurin cinyewa, kuma yana tura zafi kai tsaye zuwa ga man da ke bayansa. A ciro taya a duba na ciki, domin shi ke riga na waje ƙarewa, kuma in bambancin ya yi yawa to fil ɗin kalifa ya maƙale, a wanke shi a shafa masa giris mai jure zafi.

Sabon fad sai an zaunar da shi. A wuri mai tsawo da babu kowa, a sauko daga kilomita 90 ko 100 zuwa 20 da ƙarfi, ba tare da an tsaya cak ba, sau takwas zuwa goma a jere, sannan a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki ba. Wannan yana shimfiɗa siririn fatar fad a fuskar faifai daidai wa daida. Wanda ya tsallake wannan mataki, ko ya tsaya ya danne birki faifan na da zafi, fad ɗin zai bar tambarinsa a wuri ɗaya, daga nan sitiyari ya fara rawa duk lokacin da aka taka. Mutane kan ce faifan ya lanƙwashe, alhali galibi wannan tambarin ne.

Shi kansa faifan, an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Na gaban GTI mai faɗin milimita 312 yana zuwa da kauri 25, ana yar da shi a 22. A auna, kada a ƙiyasta da ido. Ƙananan zane kamar gashi a fuskarsa bayan an yi gudu ba matsala ba ne. Tsagar da farce ke maƙalewa a ciki, ko wadda ta kai bakin faifan, ita ce ta gama masa aiki. Faifai mai huda-huda yana da kyan gani, amma daga ramukan nan tsaga ke farawa, don haka sumul ko mai zane ya fi. Tiyon birki na roba da ya shekara goma a canja shi. Mai saƙar ƙarfe yana ƙara wa feda tauri, sai dai a tabbata bai goga jikin taya ba in an karya sitiyari har ƙarshe.

Taya

A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar tokumbo tana iya zuwa da zane mai zurfi alhali robarta ta bushe ta yi tauri, ta shekara bakwai ko takwas. Irin wannan ba ta riƙo, kuma zafi yana iya raba zanenta da jikinta. Don fili, taya huɗu iri ɗaya, waɗanda ba su wuce shekara huɗu ba, babu kumburi, babu faci a gefe, zane aƙalla milimita 3. A duba harafin gudu: H na kilomita 210, V na 240, W na 270, Y na 300. Kada a sauka ƙasa da abin da masana'anta ta rubuta wa motar.

Mai farawa ya tsaya a kan tayar titi mai kyau irin Michelin Pilot Sport ko Goodyear Eagle F1. Tana kuka kafin ta saki, tana koya wa direba inda iyaka take. Tayoyi masu ɗanko irin Toyo R888R ko Nankang AR-1 suna ƙara gudu ƙwarai, amma suna ɓoye kuskure har sai an yi nisa, suna ƙara wa birki da boris nauyi, kuma a ruwan sama irin na Agusta haɗari ne.

Iska ita ce gyaran da ya fi kowane tasiri a ranar, kuma kyauta ce. Mai faci na bakin titi yakan hura 40 ko 45 ya ce ta yi, gejinsa kuma ba lallai ya zama daidai ba. Ka sayi geji naka. Iska tana hawa da zafi, a fili tayar gaba tana iya ƙara psi 5 zuwa 8 a awon geji. Abin da ake nema shi ne awon taya tana da zafi, kuma ga irin waɗannan motoci yana tsakanin 32 da 36. Ka fara da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko ƙasa da shi da psi 2, ka yi zagaye biyar, ka shigo ka auna nan take kafin ta huce, ka sace iskar da ta haura. Ka maimaita bayan fita ta biyu, daga nan yawanci ta zauna. In iska ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa, motar ta riƙa santsi bayan zagaye kaɗan. In ta yi kaɗan, tayar tana kwantawa a kan kafaɗarta.

Alli yana nuna wannan. Ka ja layi uku ko huɗu daga bakin zane zuwa gefen tayar gaba. Bayan ka dawo ka durƙusa ka duba: inda allin ya goge, nan kwalta ta taɓa. Yawancin tayoyi suna da ɗan tambari a kafaɗa, mai kusurwa uku ko alamar kamfani. In gugar ta tsaya a kansa, iska ta yi. In ta gangara har kan rubutu, ka ƙara psi 2, ka kuma rage saurin da kake shiga kwana da shi, domin sau da yawa laifin na direba ne. Motar da ke ja da gaba, in an shiga kwana da gudu fiye da kima, hancinta miƙewa yake yi, direba ya ƙara karya sitiyari, tayar ta yi ta kuka tana gugar kafaɗarta har robar ta fara ɓarewa gutsure-gutsure. A filin da kwanoninsa suka fi yawa zuwa dama, tayar gaba ta hagu ce ke shan wannan wuya, ana iya musanya ta da ta baya da tsakar rana in girmansu ɗaya.

Notin taya ba a ɗaure shi da ƙafa a kan dogon bututu. A yi amfani da sifana mai awon ƙarfi. Na Golf Nm 120 ne, na yawancin Honda 108, sauran a duba littafi. A sake dubawa kafin kowace fita, amma sai wilin ya huce. Wanda ya matse shi da zafi zai iya miƙar da ƙarfen ko ya karya shi.

Alaimen kuma, in motar tana karɓar gyara, a ɗan kwantar da saman tayoyin gaba zuwa ciki, digiri 1.5 zuwa 2, a bar hancinsu a miƙe. Wannan kaɗai yana tsawaita ran kafaɗar taya. Yanke sifirin don mota ta sauka ƙasa, ko sa shokozoba mai arha da ba a san asalinta ba, ɓata mota ne.

Baƙin mai, ruwa da fetur

A yi juye kafin ranar in man ya wuce rabin wa'adinsa, da man da ya cika ƙa'idar motar. Ga GTI ta biyar da ta shida, 5W-40 mai lambar VW 502 00, kuma a saye shi wurin dila da aka amince da shi, don jabun mai ya cika kasuwa. A cika shi zuwa layin sama na sanda, kada a wuce. A doguwar kwana mai yana taruwa gefe ɗaya na kwanon injin, in ya yi ƙasa sai famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku, wannan kuwa ya isa ya ci metal. Mai ya yi yawa kuma kumfa yake yi. Ka riƙe lita ɗaya a jaka, ka duba sanda bayan kowace fita. In dashbod ɗinka na nuna zafin mai, 90 zuwa 115 lafiya ne. Kada ka matsa wa injin kafin ya kai 80. In ya haura 130, ka sassauta zagaye ɗaya ko biyu.

Akwai ɗabi'ar cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don nan ƙasar zafi ce. A mayar da komai yadda masana'anta ta yi shi. Injin da ba shi da tamostat ba ya kai zafin aikinsa da wuri, kwamfutarsa tana ta ƙara masa fetur, kuma a wasu injuna ruwan yana zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi lagireto yadda ya kamata ba. Ruwan famfo ko na leda yana barin tsatsa da ƙanzo a ciki. A sa ruwan sanyaya injin na asali, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a cike da tataccen ruwa irin na batir, a canja murfin tankin in ya tsufa, domin matsin da yake riƙewa ne ke ɗaga ma'aunin tafasa. Bayan hunturu, ƙura da ƙwari da guntayen leda sukan toshe tsakanin kondensar esi da intakula da lagireto, inda ido ba ya kai wa. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, don na injin wanki yana lanƙwasa siraran fikafikan. A canja matatar iska. A fili, esi a kashe yake.

Fetur shi ne abin da ya fi wuyar sha'ani a nan. Ma'aunin fetur ɗin gidajen mai na Najeriya yana kusa da RON 91, wato awon yadda fetur ke jure matsi, su kuwa waɗannan injuna masu tobo an yi su ne don 95 zuwa 98. Motar da ta zo daga Amurka za ka ga an rubuta 91 a murfin tankinta, amma lissafinsu daban ne, 91 ɗinsu kusan 95 ne a ma'aunin RON. In fetur ya gaza, yana fashewa da kansa a cikin silinda kafin lokaci, musamman da zafin rana da cikakken totur. Kwamfutar motar tana jin haka ta ja wuta baya don kare injin, ƙarfi ya ragu, zafin salansa ya ƙaru. Motar da ba a taɓa kwamfutarta ba tana da sararin kare kanta. Wadda aka yi wa sabon shiri na ƙarin ƙarfi, wanda aka tsara a Turai don RON 98, ta cinye wannan sararin, kuma nan ne fistin ke fashewa. A mayar da ita shirin asali kafin a shiga. Ruwan ƙara ƙarfin fetur na kwalba yana ɗan taimakawa, sai dai a karanta da kyau: "maki" huɗu a bakin yawancinsu ƙarin 0.4 ne kawai a ma'aunin fetur. Ƙaramar na'urar OBD, mai karanta kwamfutar mota, da waya za su nuna maka yawan wutar da kwamfuta ke ja baya da zafin iskar da ke shiga injin. A sa sabbin fulogi, a riƙe kwayil ɗaya na ko-ta-kwana.

Mota tana shan ninki biyu zuwa uku na abin da take sha a titi, lita 25 zuwa 30 a kilomita 100 ba abin mamaki ba ne. Ka shiga da tanki cike, kada ka bar shi ya sauka ƙasa da kwata, don a kwana famfo zai zuƙi iska injin ya yi tari.

Cikin mota da mai tuƙi

A kwashe komai: tabarmar ƙafa, musamman ta direba, darduma, buta, gorar ruwa, kwalbar turare, carbin da ke rataye a madubi, caja, safaya taya da jak. Gorar ruwa guda in ta gangara ƙarƙashin feda ta isa. Batir sai an ɗaure shi da maɗaurinsa na ƙarfe, motoci da yawa a gari a zaune kawai batirinsu yake, a rufe kansa mai jar waya kuma. A nemo ƙugiyar ja da ke cikin but a ɗaura ta a gaba tun da safe. Abin kashe gobara na kilo 1 ko 2 a kafe shi da maɗaurin ƙarfe inda hannu zai kai.

Ka kunna mota ka lura da fitilar jakar iska: ya kamata ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye cewa motar ta taɓa haɗari. A sa kwamfuta a duba, a kuma fizgi bel a ga yana kullewa. Bel na asali ya fi bel ɗin tsere mai igiya huɗu da aka ɗaura a ƙasan kujerar baya ba tare da ƙarfen kariya ba.

Hular kwano mai shaidar inganci ta ECE 22.05, ECE 22.06 ko Snell, wadda ta kama kai, ba irin ta 'yan acaba ba. Riga mai dogon hannu da wando na auduga, takalmi rufaffe mai siririn ƙasa. Babbar riga da silifas su jira a waje. Matso da kujera har wuyan hannunka ya iya sauka a saman sitiyari kafaɗarka na jingine, gwiwa kuma da ɗan lanƙwasa ko an taka feda har ƙasa. Ka karanta takardar inshorarka tun a gida: ta ɓangare na uku ba ta biyan ɓarnar motarka ko a titi, ita ma cikakkiyar galibi ta cire gudu a filin tsere.

A filin

Ka halarci bayanin safe, ka san tutoci: rawaya a rage gudu kuma ba a wuce kowa, ja kowa ya sassauta ya fita, shuɗiya akwai mai sauri a bayanka, baƙa kai ake kira, mai dara baƙi da fari lokaci ya cika. Zagayen farko na ɗumama mai da taya ne. Na'urar hana santsi a bar ta a kunne har sai ka san filin. Birki a taka shi da ƙarfi, gajere, mota na miƙe, a sake shi. Jan sa a hankali tun daga nesa ya fi tara zafi. Kada a ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana mai sauri, don irin waɗannan motoci bayansu mara nauyi ne, yana iya juyowa. Minti 12 zuwa 15 ya ishi motar titi a zafinmu, ko da an ba da 20.

Zagayen ƙarshe a yi shi da rabin gudu ba tare da birki ba. In ka tsaya, kada ka ja birkin hannu, fad zai manne wa faifai mai zafi. Nemi wuri shimfiɗaɗɗe, a sa katako a bayan taya, a buɗe bonet, injin ya yi minti biyu ko uku yana aiki kafin a kashe. Mai birkin hannu na lantarki ya kashe tsarin da ke ja masa shi da kansa. Kada a zuba ruwa a kan faifai, kada a buɗe murfin ruwan injin da zafi. Direba ma ya sha ruwa, rabin lita bayan kowace fita. Wanda ke azumi ya fi masa ya ɗaga zuwa wata ranar, domin cikin mota da hula da gilashi a rufe ƙishi yana rage hankali kafin mutum ya ankara.

Kafin ka kama hanyar gida, ka jira tayoyi su huce ka mayar musu da iskar titi, don wadda ka sace da rana za ta bar su ƙasa da kima. Duba sauran fad, duba noti, duba sanda da tankin ruwa. Washegari a ɗaga motar a sake leƙa robar shaf da cikin tayoyi. In feda ta yi laushi ko sau ɗaya a ranar, a sake fitar da man birki na ƙafafun gaba kafin motar ta koma zirga-zirgar gari, kuma ka rubuta awon iskar da ka tashi da shi da kaurin fad da ya rage, da su za ka fara lissafi a fita ta gaba.